Inna Tsintau da Kofaton Shagwaɓa

A 'yan shekarun baya, duk wanda ya bi ta bakin gari da sassafe zai ga wata mata doguwa siririya tana tafe a gaban shanu huɗu, kanta a sunkuye kamar wadda zobenta ya faɗi, tana jan wani baƙin ƙarfe da igiya. Baƙo yakan tsaya ya ce, "Inna, me ya ɓace a taya ki nema?" Ita kuwa sai ta ce, "Ba abin da ya ɓace mini, ɗana. Abin da ya ɓace wa mutane nake tsince wa shanu." Ita ce Inna Tsintau. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, har jikokinta ma da wannan suke kiran ta, in sun tabbata sandarta ba ta kusa.

Sunkuyon nan ba da tsufa ta same shi ba. Ɗiyar tela ce. Shagon ubanta ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da benci ɗaya, ƙasa kuwa kullum cike da ƙyallaye. Tela mutum ne mai sanyin hali, amma ya taɓa taka allura ta karye masa a dunduniya, ya yi wata guda cur yana taka keke da ƙafa ɗaya. Tun daga nan ya kafa doka: ba a rufe shago sai kowace allura ta koma gidanta. Cikin 'ya'yansa bakwai ita ce mai ido, don haka aikin ya faɗa kanta. Yayyenta sukan ce ko a cikin tudun yashi aka jefa allura, a ba ta minti biyar.

Da ta girma ta sami aikin shara a asibiti, ta yi shekara ashirin da huɗu tana yi. A can ta ga ƙafafu iri-iri. Ta ga ƙato majiyi ƙarfi an kawo shi a baro, ƙafa ta kumbura kamar turmi, aka tambaye shi ya ce ai 'yar ƙusa ce ya taka makon jiya, bai ɗauke ta komai ba. Ma'aikatan jinya sun san ta, in ta share ɗaki za ka iya tafiya ba takalmi idonka rufe.

Sai ga shi Allah ya haɗa ta aure da kafinta.

Kafinta mutumin kirki ne, ga iya aiki ga barkwanci, sai dai hali ɗaya. Yakan cika bakinsa da ƙusoshi in yana aiki, duk wadda ta lanƙwashe a ƙarƙashin guduma sai ya zare ta ya wurga ta bayansa ko waiwaye babu. Shekara talatin tana sharewa tana mita, shi kuma yana cewa, "Uwar yara, in ban zubar ba me za ki tsinta? Ai taimakon ki nake, kada hannunki ya manta sana'a."

Ranar da ta ajiye aiki, kowa ya kawo shawara kan ɗan abin da aka sallame ta da shi. Babban ɗanta ya ce firij, ta riƙa sayar da ruwan sanyi. Kafinta ya ce injin yanka katako, wai amfanin na gida ne duka. Ta saurare su tsaf, ta ce, "Na gaji da abin da ba ya gaisuwa. Shekara ashirin da huɗu ina hira da tsintsiya. Abin da zai gan ni da safe ya yi murna nake so." Ta tafi kasuwa ta dawo da karsana ja mai farin goshi. Karsanar nan ba ta cin dusa sai an sosa mata wuya, ba ta shan ruwa in akwai ko ɗan haki a kai. Auta, ƙaramar ɗiyar Inna, ta sa mata suna Shagwaɓa, sunan ya bi ta.

Cikin shekara biyar shanu suka zama huɗu. Gidan a bakin gari yake, da fili a tsakiya. Rumfar aikin Kafinta tana hannun dama, rumfar shanu tana hannun hagu, famfo a tsakani. Inna tana tatsa da safe, ta kai wa Mai Shayi na bakin titi rabin madarar, maƙwabta su ɗauke sauran. Da hantsi ta kora su kiwo ta wata 'yar hanya da ta bi bayan gidaje ta gangara mashaya.

Wata damina kwanon rumfar shanu ya fara yoyo. Ta yi wa Kafinta magana, ya ce gobe. Ta sake, ya ce jibi. Ya gyara wa rabin unguwa rufi, na gidansa kuwa yana zuba kamar kwando. Ƙasan rumfar ya zama taɓo, shanu suna wuni a ciki har idon sawu. Sai da ta ce za ta ɗauko wani kafinta daga waje, kowa ya gani, sannan ya hau da gudumarsa yana gunaguni. Ya gama cikin wuni ɗaya, ya sauko yana jiran yabo, ta kuwa yaba.

Kwana uku bayan haka Shagwaɓa ta tashi tana ɗingisa ƙafar baya ta hagu.

Inna ta duba sama-sama ba ta ga jini ba. Maƙwabcinsu Mai Garma, wanda yake da bijimai biyu na huɗa kuma yake ganin ba wanda ya kai shi sanin dabba, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Targaɗe ne. Santsi ya kwashe ta. Ki shafa mata man zafi, kwana biyu ta miƙe." Ta shafa. Kwana biyu suka wuce, suka zama huɗu. Shagwaɓa ta daina zuwa kiwo, ta kwanta tana kallon dusa kamar ba ta san ta ba. Madarar da take cika bokiti ta koma ko rabi babu. Da Inna ta taɓa saman kofaton sai ta ji zafi rau, ga kumburi ya fara hawa. Ta san irin wannan kumburin, ta sha ganin sa a kan baro. Ta zauna a kan bokiti ta ɗora kan saniyar a cinyarta tana sosa mata wuya, hawaye na zuba.

Auta ta same ta a haka. Ta ce, "Inna, kuka ba zai warkar da ita ba. Bari in kira likitan dabbobi."

Likita ta iso a kan babur kafin azahar. Yarinya ce matashiya, da takalmin roba har gwiwa da jaka a baya. Mai Garma ya dube ta ya taɓe baki, ya ce wa Kafinta a hankali, "Wannan ko akuya za ta iya kayarwa?" Ta ji shi sarai. Ta sa aka ɗaure Shagwaɓa a turke, ta zarga igiya a ƙafar, ta wurga ta kan ƙarfen rumfa, ta miƙa wa Mai Garma bakin igiyar ta ce, "Baba, kai ne mai ƙarfi, ja mana." Ya ja, ƙafa ta ɗagu.

Ta wanke kofaton tas da ruwa da burushi. Ta ɗauko wata 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki ta fara fere tafin kaɗan-kaɗan, kamar mai fere ƙwarya. Inna tana tsugune kusa da ita, ido kamar zai faɗo. Kafin likita ta yi magana Inna ta nuna da yatsa ta ce, "Ga wani baƙin ɗigo nan."

"Kin riga ni, Inna," in ji Likita. Ta ɗan ƙara ferewa, ta sa filaya ta kama, ta ja. Sai ga ƙusa ta fito, tsawon ɗan yatsa, a lanƙwashe, kanta ya gutsure. Mugunya ta biyo baya da wari. Shagwaɓa ta yi wani dogon nishi.

Kowa ya juya ya dubi Kafinta.

Ya yi gyaran murya ya ce, "To, ai ƙusoshin duniya duk kamarsu ɗaya."

Inna ta karɓi ƙusar ta juya ta a tafin hannunta. Ta ce, "Maigida, shekara talatin ina share wannan lanƙwasar. Ko a lahira na gan ta na san gudumarka ce."

Likita ta danne dariya ta ci gaba da aikinta. Ta buɗe ramin yadda sauran mugunyar za ta fita, ta wanke da magani, ta yi wa saniyar allura. Sannan ta ce, "Kun ga kofaton saniya ɓari biyu ne. Ɗaya ya ji ciwo, ɗaya lafiyarsa ƙalau. Da zan sami ɗan katako daidai girman mai lafiyar, sai in manna masa a ƙasa, ta riƙa takawa a kansa, mai ciwon ya huta bai taɓa ƙasa ba. Nawa sun ƙare."

Ba ta rufe baki ba Kafinta ya ruga rumfarsa. Ya dawo ya gwada kofato da fensir, ya koma, aka ji zarto na kuka. Cikin minti goma ya kawo ɗan katako sumul, har da zane-zane a ƙasa don kada santsi ya ja ta. Likita ta ce ba ta taɓa ganin mai kyansa ba. Ta manna shi da gam, aka sauke ƙafa. Shagwaɓa ta taka, ta tsaya kamar tana tunani, ta sake takawa, sai ta miƙa wuya wajen dusa. Daga ranar, duk wanda ya zo rumfar Kafinta sai ya ji labarin yadda ya yi wa saniya takalmi. Wanda ya jefar da ƙusar kuwa ba ya cikin labarin.

Kafin Likita ta hau babur, Inna ta raka ta ƙofa ta ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, laifina ne?"

"Laifin taɓo ne da ƙusa, Inna. Kofato in ya wuni a ruwa laushi yake yi, kamar farcenki in kin daɗe kina wanki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki busar musu da wurin kwana, ki raba su da ƙarfe. Kuma duk ranar da kika ga ɗingishi, a ɗaga ƙafa a wanke a duba ran nan, kada a kwana ana shafa mai."

Maganar ta zauna wa Inna a rai. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne, ita da ta share asibiti guda, ƙusa ta ɓuya mata a cikin gidanta. Amma tsintsiya ba ta shiga taɓo, ido ma ba ya gani cikin kashin shanu. Ta kwana biyu tana juya abin, sai ta tuna wani tsohon rediyo na Kafinta, ƙato kamar akwati, da ya mutu shekara takwas yana kan kabad ana jiran ranar gyara. Ta taɓa ganin almakashi ya manne a bayansa. Ta sauko da shi, ta kwance, ta ciro maganaɗisun da ke bayan lasifikar, baƙi, zagayayye, mai nauyi.

Kafinta ya dawo ya tarar da rediyonsa a farke kamar an yi masa fiɗa. Ya riƙe kai ya ce, "Uwar yara! Gobe fa nake shirin kai shi gyara!"

Ta ce, "Na sani. Goben rufin rumfa ce."

Ta ɗaura wa maganaɗisun igiya ta ja shi a tsakar gida. Kafin ta kai famfo ya yi gashi kamar bushiya. Ƙusoshi, guntayen waya, reza, maɓallin ƙarfe, har da wani cokali da ta yi shekara biyu tana zargin Auta da ɓatarwa. Auta ta ce sai an ba ta haƙuri a gaban shaidu. Ran nan kaɗai aka cika gwangwanin madara biyu da guntayen ƙarfe.

Daga nan gidan ya ga sauyi. Ta sa aka zuba yashi a rumfar shanu aka yi wa ruwa hanya. Ta rataya wa Kafinta gwangwani a jikin teburinsa, ta ce duk ƙusar da ta lanƙwashe nan ne kabarinta. Ta hana ƙona tsofaffin katakai a fili, don wuta takan cinye katako ta bar ƙusoshi a toka, shanu kuma suna son kwanciya a toka. Kwandon dusa ma sai ta zagaya maganaɗisu a ciki, saboda Likita ta ce saniya ba ta tsince abinci, abin da harshe ya naɗo shi take haɗiyewa. Shagwaɓa ta warke cikin mako huɗu, takalmin ya cinye ya faɗi da kansa, madara ta dawo.

Da ta gama da gida sai ta fita hanya. Nan ne ta ga abin mamaki. Inda matasa suke ƙona tsofaffin tayoyi, waya ce birjik, siririya mai tsini kamar allura. Bayan shagon mai walda, guntayen ƙarfe. Kullum tana gaba tana ja, shanu suna biye a hankali. Ta lura da wani abu da ba wanda ya koya mata: saniya in ba a kora ta ba, kanta a ƙasa take tafiya tana zaɓen inda za ta sa ƙafar gaba, ta baya kuma ta sauka kusan inda ta gaba ta tashi. In aka ɗaga mata sanda sai ta ɗaga kai, ta taka duk abin da ta samu. Don haka ta daina cewa ko "kai!" A lokacin ne sunan Tsintau ya fito. Matan unguwa suka fara, yara suka ɗauka, ita kuma ta amsa abinta.

Ana nan sai aka fara wani babban gini daidai bakin hanyar shanu. Leburori in sun ɓamɓare katakan da aka zuba kankare a ciki, sai su wurgo su waje, ƙusoshi suna kallon sama. Inna ta sami babban magini, wani kakkauran mutum mai hular kwano, ta gaishe shi ta faɗi damuwarta. Ya ce, "Inna, nan wurin aiki ne, ba makiyaya ba. Ki canza musu hanya mana."

Ta ce, "Hanyar ta girmi ginin, ɗana." Ya riga ya juya yana yi wa wani tsawa.

Ba ta yi faɗa ba. Washegari da safe ta kai wa Mai Shayi madara kamar kullum, ta tarar da magini da mutanensa sun cika benci, kowa da kofi. Ta ajiye bokiti ta ce, "Sannunku da hutawa. Madarar ta yi daɗi?"

Suka ce, "Ai Inna ba irin taki."

"To ku sha da kyau, ta kusa ƙarewa. Kun san daga ina madara take fitowa?"

Wani lebura ya yi dariya ya ce, "Daga hantsa mana."

"Daga ƙafa take fitowa. Saniyar da ba ta iya tsayuwa ba ta kiwo, wadda ba ta kiwo ba ta kawo ko cokali. Ƙusa ɗaya ta taɓa mai da mini bokitin nan rabi, ku tambayi Mai Shayi."

Mai Shayi ya ce, "Wallahi an yi. Wata guda ina ba mutane ta gwangwani suna zagi na. Ni dai in aka sake, na san waɗanda zan fara yanke wa."

Babban magini ya dubi kofinsa, ya dubi Inna, ya fashe da dariya. Ya ce, "Kin kama mu a wuya." Tun daga ranar, duk katakon da aka ɓamɓare sai an zare ƙusoshinsa ko an kwantar da su da guduma, a jera shi cikin shinge. Shi da kansa daga baya ya ce mata leburorinsa ma sun huta da zuwa asibiti.

Mai Garma ne kaɗai bai sallama ba. In ya gan ta da igiyarta sai ya ce, "Tsintau, yau me kasuwa ta bayar? Kakanninmu sun yi kiwo shekara ɗari ba su ja rediyo a ƙasa ba."

Takan ce, "Kakanninka sun taɓa ganin wayar taya? A zamaninsu ƙaya ce kaɗai abokiyar gaba, ita ma suna tsoron ta."

Shi kuwa kullum cikin sauri yake, bulala a sama, bijimai suna sassarfa.

Ruwan farko na wata shekara ya sauka, kowa yana neman mai huɗa, manoma sun yi layi a ƙofarsa. Da sassafe sai ga shi a gidan Inna. Ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar Kafinta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shanu, ya koma kan yara. Ta bar shi ya gama zagayensa, sannan ta ce, "Wanne ne a ciki, farin ko baƙin?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baƙin. Tun jiya da yamma, muna dawowa daga mashaya."

"Ka shafa man zafi?"

"Haba Yaya, a bar tone-tone."

Ta ɗauki bokiti da burushi ta bi shi. Aka ɗaure bijimi aka ɗaga ƙafa, ta wanke. Ta duba tafin kofato ba ɗigo ba tsaga. Ta goga maganaɗisu, bai kama komai ba. Ta tsaya turus, don ta riga ta gama yanke hukunci a ranta cewa ƙusa ce, har ta tanadi maganar da za ta gasa masa. Sai ta zura yatsa a tsakanin ɓari biyun, inda fata take da laushi. Ta yi wuf ta janye, jini na ɗiga daga yatsanta. Fasasshiyar kwalba ce, koriya, ta shige can ciki.

Ta ce, "A ina kuka bi?"

"Ta gangaren nan na kusa da mashaya. Inda kika ce wa mutane kin share tas."

Gaskiya ne, ita ta faɗa. Shekaranjiya ta ja ƙarfenta a wurin sau uku, ya fito ba ko ƙura, ta gaya wa kowa hanya ta yi kyau. Ta yarda da maganaɗisu har ta daina kallon ƙasa yadda ta saba. Ta ɗaure yatsanta da bakin zane ta ce, "Wannan kam da hannuna a ciki. Ƙarfe ƙarfe yake kira, bai san kwalba ba, bai san ƙaya ba, bai san tsakuwa ba. Kuma ta yi zurfi, ba aikina ba ne. Kira Likita yanzu."

Mai Garma ya yi zaton za ta yi masa dariya, sai ga shi tana ba shi haƙuri. Likita ta zo ta cire kwalbar ta ɗaure ƙafa, ta ce da yake ba a bar shi ya kwana biyu ba, kwana goma ya isa. Haka kuwa aka yi, bijimi ya koma gona bai rasa damina ba.

Ranar da aka kwance ɗaurin, Mai Garma ya zo da kansa ya ce, "Yaya, hanyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ya bi gidajen masu dabbobi, aka raba hanya, kowane gida da yankinsa, da manjagara da ido. Ya je wurin mai gyaran rediyo ya kwaso matattun lasifikoki shida, Kafinta ya jera maganaɗisunsu a jikin wani dogon katako, aka ɗaura a bayan amalanke. Sau ɗaya a mako bijimai suna jan shi daga bakin titi har mashaya, a hankali, bulala tana rataye. In wani ya tambaye shi, sai ya ce ai dama tuntuni yana da wannan tunanin.

Yanzu gwiwa ta hana Inna zuwa mashaya, Auta da mijinta ke kula da shanun, sun kai tara. Ita kuwa takan sa kujera a ƙofar gida da hantsi, da tabarau a kan hanci, tana kallon dabbobi suna wucewa. Masu shanu har daga wasu unguwanni sukan biyo ta nan da gangan. Ba ta taɓa ƙafa, tafiya kawai take kallo. In ta ga saniya ta gantsare baya, ko tana gyaɗa kai duk taku, ko tana gajarta taku ɗaya, sai ta ɗaga sanda ta ce, "Mai jar nan, tsaya. Ƙafar dama ta baya. A wanke a duba yau."

Kwanan baya wani mutum ya zo daga nesa da saniya ɗaya, ya ce an ce masa ta iya gani, shi dai tafiyarta ba ta yi masa daidai ba. Inna ta ce ya ja ta zuwa bishiyar can ya dawo. Ya je ya dawo. Ta ce ya sake. Ya sake, yana haki.

Ta ce, "Saniyarka lafiyarta ƙalau. Kai take jira, shi ya sa take tsayawa. Zauna ka cire takalmin hagu."

Ya zauna a bakin dakali ya cire, ya juya shi. Ga 'yar ƙusa ta huda dunduniyar takalmin, tsininta ya leƙo ciki. Ya ce, "Ikon Allah! Kwana uku ina cewa sanyi ne ya kama mini ƙafa."

Ta leƙa cikin gida ta ɗaga murya, "Maigida! Kawo filaya, an samu mai kofato ɗaya." Sannan ta juyo ta ce wa mutumin ya wanke ƙafar da sabulu, daga nan ya wuce asibiti a yi masa allura, saniyar ya bar ta a inuwa, za a ba ta ruwa kafin ya dawo.